Kawu ya ce na lalata masa imel: in cire riga-kafin a ɓoye?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Garwa, ina aiki a ofishin kawuna, ƙanen mahaifiyata. Harkarsa ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Kusseri da Njamena, kuma shi ya biya mini kuɗin karatun kwamfuta. Muna da sabar imel tamu a ofis, wato na'urar da ke karɓa da aika saƙonninmu, wata tsohuwar kwamfuta ce mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) gigabait 2, da tsarin Ubuntu na Linux da manhajar imel ta Postfix a kanta. Kwanakin baya mai riƙe mana lissafi ya buɗe wani fayil da aka liƙo a saƙo, kwamfutarsa ta kamu da bairos, sai Kawu ya ce in sa riga-kafi a kan sabar. Na sa ClamAV, manhajar riga-kafin bairos, da amavis mai miƙa mata saƙonni. Da farko lafiya lau. Yanzu kuwa saƙo sai ya yi awa uku bai iso ba, wasu kuma su zo da *UNCHECKED* a kan takensu. In na kashe na kunna sai ta yi aiki na ɗan lokaci, ta sake komawa gidan jiya. freshclam, mai sabunta bayanan ClamAV, shi ma yana ta rubuta kuskure mai lamba 429. Makon da ya wuce takardun duwan, wato kwastan, daga Duwala suka makara, mota ta kwana biyu a tsaye, Kawu ya faɗa mini magana a gaban ma'aikata, har ya ce kuɗin makarantar da ya biya asara ce. Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba. Wani abokin aiki yana ta zuga shi a koma Gmail. Ni kuma zuciyata tana raya mini in cire riga-kafin a ɓoye in ce na gyara, tunda ba mai ganewa. Malam, ina mafita?

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kada ka cire a ɓoye. Za mu zo kan dalili, amma bari in fara sanyaya maka rai. Abubuwan da ka lissafa, jinkirin saƙo da tambarin UNCHECKED da farfaɗowar na'urar in an sake kunna ta, duk ciwo ɗaya suke nunawa, kuma ba rashin iya aikinka ba ne. Kwamfutar ce ta yi wa aikin kaɗan.

Ka fi ni sanin shingen duwan, to ka kalli abin ta nan. Postfix shi ne direba, ya ɗauko kaya ya tsaya a shinge. amavis shi ne mai kwance kaya: ya karɓi saƙo ta ƙofa mai lamba 10024, ya warware shi, ya zazzage abin da ke cikin zip da PDF da Word, ya shimfiɗa. Amma shi bai san bairos ba. Wanda ya sani shi ne clamd, ɓangaren ClamAV mai bincike, jami'in da ke zaune da kundin haramtattun kaya a ka. In ya ce ba komai, sai amavis ya mayar wa Postfix saƙon ta ƙofa 10025, a kai wa mai shi. freshclam kuwa ɗan aike ne, aikinsa kawo sabon kundi daga hedikwata.

To clamd ba ya leƙa kundin nan a faifai duk lokacin da saƙo ya zo. Yana tashi yake loda shi gaba ɗaya cikin RAM, alamomin bairos miliyoyi, kuma wannan kaɗai kan cinye wajen gigabait 1, wani lokaci fiye. Ka tara da Postfix, da Dovecot mai kula da akwatunan saƙo, da amavis wanda shi ma yakan jawo SpamAssassin mai tace saƙonnin shara, ga kuma fuskar Ubuntu mai tagogi in ba ka cire ta ba. Gigabait 2 sun cika maƙil tun ba a fara aiki ba. Sannan ga abin da ke ƙarasa ta: tun daga ClamAV 0.103, wanda ya fito a 2020, in freshclam ya kawo sabon kundi, clamd yakan loda sabon alhali tsohon yana nan a RAM, don kada bincike ya tsaya ko na minti ɗaya. Dabara ce mai kyau ga mai babbar na'ura. Ga mai gigabait 2 kuwa, a wannan ɗan tsakanin buƙata takan ninka, RAM ta ƙare, sai Linux ya duba wanda ya fi kowa ci ya kashe shi, ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Kusan kullum clamd ne. Shi ya sa in ka sake kunna na'urar take tafiya daidai, har zuwa lokacin da za a sake loda kundi. Masu ClamAV da kansu sun rubuta cewa saba mai Linux tana buƙatar aƙalla gigabait 3.

Abin da ke biyo baya shi ya tsayar muku da mota. In amavis ya ƙwanƙwasa wa clamd ya ji shiru, yakan koma kan na ko-ta-kwana, wato clamscan. Shi kuma clamscan ba zaune yake da kundi ba; duk saƙo ɗaya sai ya loda kundin daga farko, ya duba, ya sauke. A tsohuwar kwamfuta wannan na iya cin rabin minti ko fiye a kan saƙon da clamd zai gama da shi kafin ka ƙifta ido. In biyu suka tashi lokaci guda, RAM ɗin da ta kasa ɗaukar ɗaya ina za ta da biyu? Sai layi ya taru, takardar duwan ta tsaya a bayan saƙonnin talla. In shi ma clamscan ya faɗi, amavis na zamanin nan ba ya riƙe saƙon, yakan sake shi ya wuce da tambarin UNCHECKED.

Wannan ya kamata ya fi faɗan Kawu hana ka barci. Saƙon da ya zo da tambarin nan ba a duba shi ba. Akwai wani dalilin da kan sa a buga shi, wato in an rufe zip da kalmar sirri har aka kasa buɗewa, amma in kana ganinsa a kan saƙonni na yau da kullum, to ofishinku ya daɗe a buɗe, mutane kuma suna danna duk abin da ya zo da ƙarfin gwiwar cewa ka sa musu riga-kafi.

Kada ka ɗauki maganata haka kawai, na'urar tana gabanka, ka tambaye ta. Ka buga systemctl status clamav-daemon ka ga ko yana raye. Ka buga journalctl -k ka nemi layin da ke cewa Out of memory tare da sunan clamd. Ka buga free -h ka ga abin da ya rage. Sannan ka buɗe /var/log/mail.log ka nemi all primary virus scanners failed. In ka ga waɗannan, magana ta ƙare. Ka ɗauki hotonsu da waya, za su yi maka amfani a gaban Kawu. Yawancin masu rubuto mini irin wannan matsala sun cire sun sake sawa sau da yawa, amma ba su taɓa buɗe mail.log ba, alhali amsar tana rubuce a ciki da kwanan wata da minti.

Maganin gaskiya RAM ce. Ka kai ta gigabait 4, in allon na'urar zai ɗauki 8 ka sa 8. Ka zare wadda ke ciki ka tafi da ita kasuwa a hannunka, don DDR2 da DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, kuma mai shago ba lallai ya karɓi abin da ya riga ya sayar ba. Kafin kuɗin su fito, ga abin da zai riƙe ka. A cikin /etc/clamav/clamd.conf ka sa ConcurrentDatabaseReload no, sai clamd ya riƙa sauke tsohon kundi kafin ya ɗauki sabo. Bincike zai ɗan tsaya lokacin lodin, amma saƙonni za su jira shi, ba abin da zai ɓata. Ka yi fayil ɗin suwap na gigabait 2, wato ka ara wa RAM wuri a faifai. Yana da jinkiri, amma ya fi a kashe clamd. Ka buɗe /etc/amavis/conf.d/15-av_scanners ka rufe clamscan daga cikin na ko-ta-kwana, don a na'ura irin taku ɓarnarsa ta fi amfaninsa. In fuskar tagogi tana kunne, ka kashe ta; saba ba ta buƙatarta.

Bayan RAM ta samu, akwai shawarar da za ku yanke, kuma ba taka ba ce kai kaɗai. In mai bincike ya mutu, saƙo ya wuce ba dubawa, ko ya tsaya ya jira? A fayil ɗin 50-user na amavis, in ka sa $virus_scanners_failure_is_fatal = 1, saƙo zai tsaya a layi har clamd ya dawo. Ni wannan na fi so, don tsayawar saƙo kowa zai gani cikin awa ɗaya a zo a tashe ka, amma wucewa ba dubawa sai ta yi wata ba wanda ya lura. Sai dai ku masu takardun duwan ne, jinkiri a wurinku kuɗi ne. Ka faɗa wa Kawu amfanin kowanne da cutarsa, ya zaɓa da bakinsa.

Akwai wasu 'yan ƙananan cikas da kan kama mai sabon shiga, ka duba su tunda hannunka na ciki. In ka ga Permission denied a kan /var/lib/amavis/tmp, clamd ne ba shi da izinin karanta abin da amavis ya shimfiɗa. Ka buga adduser clamav amavis, ka sake tayar da clamd, shi ke nan. In amavis ya ƙi tashi sam, sau da yawa sunan na'urar ne bai cika ba, yana son cikakken suna mai ɗauke da adireshin kamfani har zuwa .cm ɗinsa. Ka kuma tabbata soket ɗin da aka rubuta a clamd.conf, wato fayil ɗin da amavis ke magana da clamd ta cikinsa, shi ne aka rubuta a wajen amavis. A Debian da Ubuntu clamd.ctl ne a cikin /var/run/clamav. Lambar $max_servers ta amavis kuma ta zo daidai da wadda ka sa masa a master.cf na Postfix. Ku bar ta a 2.

Sai batun 429. Wannan ciwo ne dabam, kuma ina zargin da hannunka ka ƙara masa zafi. ClamAV kyauta ce. Tomasz Kojm ya fara ta a farkon shekarun 2000, kamfanin Sourcefire ya saye ta a 2007, Cisco kuma ya saye Sourcefire a 2013, har yau su ke kula da ita. Duniya duka wuri ɗaya take ɗibar kundi, database.clamav.net. A 2021 suka gaji da masu sauke kundin gaba ɗaya dare da rana, suka sa takunkumi. 429 na nufin ka cika tambaya, ka dakata. 403 na nufin an rufe maka ƙofa, ko don ClamAV ɗinka ya tsufa, ko don ka zo da wata manhajar sauke fayil irin wget ko curl maimakon freshclam. Mutum in ya ga kuskure, abin da ya saba yi shi ne ya goge kundin ya sake buga freshclam, ya sake, ya sake. Wannan ƙara wa matsalar zafi yake yi. freshclam yakan rubuta lokacin da za a sake sauraronsa, ka duba /var/log/clamav/freshclam.log ka ga sa'ar, ka bar shi har ta cika. In kundin yana nan daram, 'yan sauye-sauyen da aka yi kaɗai yake ɗauka, kaɗan ne, ba ya cin data. Goge shi ne ke tilasta a sauko da duka. Kuma in intanet ɗin ofishinku ta layin waya ce, ka sani kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a adireshin IP guda, don haka wani lokaci laifin wani ne yake shafarka. Haƙuri ne maganinsa.

Ka buga clamscan --version. In ka ga 0.103 ko ƙasa da haka, an daina kula da shi tun Satumban 2024, sai ka sabunta. In Ubuntun ce ta tsufa har ba ta samun sabon ClamAV, ita ce za a fara ɗagawa. In kuma ka buga freshclam da hannu ya ce wani ya kulle fayil ɗin rahoto, ba lalacewa ba ce, wanda ke aiki a bayan fage ne yake riƙe da shi. Abu ɗaya da kan ruɗa mutane: a Debian da Ubuntu clamd ba ya tashi in babu fayilolin kundi guda biyu, main da daily, a /var/lib/clamav. Wanda ya goge kundi ranar da aka sa masa takunkumi ya zauna ba mai bincike har wa'adi ya cika.

Ba ka ambaci wuta ba, amma Garwa kake, ba sai ka faɗa ba. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja, kowa ya san yadda ake rabon wuta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta kundi na iya barinsa rabi da rabi, clamd ya tashi ya ce Malformed database ya koma ya kwanta. A nan ne kaɗai goge fayil ɗin da ya lalace ya halatta, shi ma sau ɗaya. Tsohuwar kwamfuta kuma ɗan batirin agogonta kan mutu, in wuta ta dawo ta farka a wata shekara can baya, sai freshclam ya kasa gaisawa da hedikwata saboda takardar shaidar tsaro ba ta yi daidai da kwanan watan ba. timedatectl zai nuna maka. Batirin ɗan ƙarami ne, CR2032, masu gyaran agogo ma suna sayarwa. Ka nemi UPS, ko da wanda zai riƙe minti goma ne a kashe na'urar cikin mutunci. Ka buɗe ta ka hure ƙurar hunturu daga fanka kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa kan haura digiri 40.

Game da saƙonnin da suka maƙale, ba su ɓata ba. Postfix kan riƙe saƙo kwana 5 yana gwadawa kafin ya haƙura, sabobin masu aiko muku ma yawanci kwana 4 zuwa 5 suke yi suna dawowa in sun tarar da taku a kashe. postqueue -p zai nuna maka layin da dalilin tsayuwar kowanne. In ka gyara clamd, postqueue -f zai tura su. Akwai tarko guda: saƙon da ya riga ya shiga layi yana ɗauke da umarnin bi ta amavis a jikinsa, ko ka cire wannan umarni, wato content_filter, daga main.cf na Postfix ba zai manta ba, sai ka buga postsuper -r ALL an sake masa rajista. Ka lura da harafin da kyau. Mai -d a wurin -r sharewa yake yi, kuma ba ya tambaya ko ka tabbata.

In komai ya daidaita, kada ka ce ya yi sai ka gwada. Akwai fayil ɗin gwaji da ake kira EICAR, haruffa 68 ne kacal, ba ya cutar da komai, amma masu riga-kafi sun yi ittifaƙi su kama shi kamar bairos na gaske. Ka liƙa shi a saƙo ka aika daga cikin sabar zuwa akwatinka. In ka ce ta Gmail za ka aiko, su za su tare shi tun a can. A mail.log ya kamata ka ga Blocked INFECTED, saƙo mai lafiya kuma Passed CLEAN. Ka riƙa wannan gwajin duk ranar Litinin da safe, da kuma duk lokacin da wuta ta yi dogon zango.

Saƙon da aka kama da bairos, ka bar $final_virus_destiny na amavis a D_DISCARD, a killace shi a /var/lib/amavis/virusmails. Kada ka sa a mayar wa mai aikowa, don sunan da ke kan irin wannan saƙo kusan kullum na aro ne, sai ku dami bayin Allah da ba su san hawa ba, har a sa adireshinku cikin jerin masu damun mutane. Kuma ka kame idonka. Mai riƙe saba yana iya karanta wasiƙar kowa, har ta Kawu. Kamaru tana da dokar tsaron intanet mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010, kuma ta kare sirrin saƙonnin mutane. Ko babu doka ma, amana ce.

Yanzu abin da ba a cika faɗa wa masu gida ba. Ko ClamAV yana aiki lafiya ƙalau, abin da ke cikin kundinsa yake ganewa, sabon bairos da aka ƙera jiya zai iya wuce shi. Bairos ɗin nan Emotet, wanda 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗu suka rusa a Janairun 2021 kuma ya sake ɓullowa kafin shekarar ta ƙare, yakan saci tsohuwar hira tsakanin mutum biyu, ya amsa a cikinta kamar ɗayansu ne, ya liƙo Word ko zip mai kalmar sirri, ya rubuta kalmar a jikin saƙon. Mai bincike ba ya iya buɗewa, mutum kuwa ya buɗe da hannunsa. Don haka jerin fayilolin da amavis ke hanawa ta sunansu, irin su .exe da .js da .vbs da .scr, yana da daraja kusan kamar ClamAV ɗin kansa, kuma ba ya cin RAM. Ka tabbata yana aiki, ka ƙara .iso a ciki. A clamd.conf akwai AlertOLE2Macros, mai kama takardun Office masu ɗauke da umarnin da ke gudana da kansa. Ka gwada shi sannu, don wasu abokan hulɗa na gaskiya ma suna aiko da irinsu. Kwamfutocin ma'aikata kuma kowace ta riƙe nata riga-kafin.

Ɓarawon da ya fi yi wa kamfani irin naku illa ma ba ya aiko bairos ko ɗaya. Saƙo ne tsaf, da tambarin abokin cinikinku na Duwala, da Faransanci mai kyau, yana cewa mun sauya asusun banki, kuɗin wannan karon a tura nan. Babu abin da ClamAV zai kama a ciki. Maganinsa doka ce daga bakin Kawu: duk saƙon da ya zo da sabon asusu, ba a tura ko sefa ɗaya sai an kira mutumin ta lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. In ka kai masa wannan shawarar kaɗai, ka fanshe kuɗin makaranta.

Mu dawo kan Kawu. Abin da ya faɗa a gaban mutane ya yi zafi, kuma ba a nan ya kamata ya faɗa ba. Amma ka tuna motarsa ce ta kwana biyu a tsaye, da kuɗin direba da ƙorafin mai kaya, kuma bai san clamd ba, kai ya sani. In ka cire riga-kafin a ɓoye, saƙo zai gudu, a yaba maka mako biyu. Ranar da mai lissafi ya sake buɗe wani abu, Kawu zai kira wani daga waje ya duba, shi kuma cikin minti biyar zai ce ai babu komai a kan sabar nan. Yau ana cewa yaro bai ƙware ba, wannan koyo na wanke shi. Ranar kuwa cewa za a yi ɗan 'yar'uwarsa ya yi masa ƙarya a kan dukiyarsa, kuma maganar ba a ofis za ta tsaya ba, sai ta isa ɗakin mahaifiyarka.

Ka same shi a gida, ba a ofis ba, bayan magariba in ya ci abinci ya natsu. Kada ka bi ta wajen mahaifiyarka, kada ka ɗauko zancen abin da ya faɗa maka. In ya ga dama shi zai taɓo shi. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka ba shi haƙuri a kan motar, sannan ka ce: Kawu, na gano abin da ya faru, kwamfutar ce ta yi ƙanƙanta da aikin da muka ɗora mata, ga shaida, ga abin da za a saya, ga kuɗinsa na tambayo a shago biyu. Ka faɗa masa a fili cewa an yi kwanaki saƙonni suna wucewa ba dubawa, don a binciki kwamfutocin ofis. Ɗan kasuwa ya fi gane magana in ta zo da farashi da rana. In ya ce babu kuɗi yanzu kuma dole saƙo ya gudu, to a dakatar da binciken bairos da saninsa, a bar hana fayiloli ta suna yana aiki, a kuma tara ma'aikata a gaya musu babu riga-kafi a kan imel zuwa rana kaza. Kashewar ɗaya ce da wadda kake tunani, amma wannan kowa ya san inda ya tsaya. In kayan sun zo ka haɗa, ka kira shi ya tsaya a bayanka ka aika EICAR, ya ga an tare shi da idonsa.

Shi kuma mai zancen Gmail, kada ka ɗauke shi abokin gaba, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Ofis mai mutum goma, a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, riƙe sabar imel a ƙarƙashin tebur nauyi ne babba: ga riga-kafi, ga SPF da DKIM da DMARC don kada a jefa saƙonninku cikin shara, ga ajiyar kwafi, ga kai kaɗai ka san kanta, in zazzaɓi ya kwantar da kai ofis ya kwanta. Akwai hanya biyu ban da wadda kuke kai. Ko ku yi hayar saba a intanet mai RAM gigabait 4, ka kwashe abin da ka gina ka mayar can, inda wuta ba ta ɗaukewa. Ko ku biya masu sayar da hidimar imel kuɗin wata a kan kowane akwati, adireshinku na kamfani yana nan yadda yake. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kowa ya koma akwatinsa na kansa na kyauta, don ranar da ma'aikaci ya bar aiki zai tafi da wasiƙun kamfani da abokan cinikinsa a aljihu. Ka lissafa kuɗin hanyoyin uku na shekara guda, har da UPS da man janareta, ka kai wa Kawu a takarda ɗaya. Gara shawarar ta fito daga wurinka da a yanke ta kana waje.

In ka ƙara RAM, ka yi sauran gyare-gyaren, UNCHECKED bai daina fitowa ba, ka kwafo layuka ashirin na mail.log daga daidai lokacin da saƙon ya shigo, da abin da systemctl status clamav-daemon ya nuna, ka goge adireshin mutane da sunan kamfani, ka aiko mini mu duba tare. Allah ya daidaita tsakaninka da Kawu.